Ranar da Kawu Ya Faɗo Daga Sama

Akwai ranakun da ilimin ɗan Adam ke yin tsalle guda ya tsere wa zamaninsa, ba tare da mutanen gari sun ankara ba. Ranar da Darakta ya sauke manhajar haɗa siddabarun fim a kan kwamfutar shagon katifa ba ta cikinsu, sai dai ba wanda ya gaya masa.

Darakta ɗan ƙanwar mai shagon ne, kuma aikinsa ba shi da wata sarƙaƙiya: idan an sayi katifa, shi ke aza gammo ya ɗauke ta ya kai mota. Sunan kuwa shi ya raɗa wa kansa, tun ranar da ya ɗauki bidiyon wata mota da ta faɗa kwata, bidiyon da rabinsa babban yatsansa ne. Daga nan ya daina kallon fim irin na sauran mutane. Sai dai ya zauna yana girgiza kai, yana cewa da shi ne da ba haka aka yi ba.

Shagon tsallaken titi ne ya jawo komai. Su ma katifa suke sayarwa, kuma sun kafa ƙaton allo a ƙofa, inda wata mata ke barci a kan gajimare tana murmushi daga safe har yamma. Kawu, mai shagon su Darakta, yakan tsaya bakin ƙofarsa yana hararar matar nan kamar ta ci amanarsa. Shi tallarsa ɗaya ce tun yana saurayi, da baki yake yin ta: katifarsa ba ta lotsawa. Amma da ya gama gyara sabon ɗakin baje kaya, sai ya sayo allon da ya fi na tsallake faɗi, ya ce zai nemi kamfanin talla su yi masa abin da za a nuna ranar buɗewa.

Darakta na shigowa da gammo a hannu ya ji.

"Kamfani, Kawu? Ina raye?"

"Kana raye, shi ya sa nake so ka kai waccan mota."

"Kawu, matar tsallaken nan barci kawai take yi. Wa bai iya barci ba? Ni abin da zan yi maka, kai da kanka za ka faɗo daga sama, ka ratso gajimare, ka sauka a kan katifarka ta rungume ka. Duk a cikin kwamfuta. Ko ƙwarzane ba za ka yi ba."

Kawu ya waiwayi allon tsallake. Ba faɗowar ce ta ja hankalinsa ba, gajimaren ne. Wato ta saman kan matar tsallake zai biyo.

Yaya, babbar 'yar Kawu, wadda ke riƙe da teburin rasit da kwamfutar da ke kansa, ta ɗago kai. "Baba, mutumin nan fa rannan hoton filo ya kasa miƙarwa. Har yanzu a kwance yake."

"Ai filo ne, Yaya, dama a kwance aka san shi. Kuma ni ƙananan ayyuka ba sa riƙe min hankali."

Aka yi magana ta ƙare. Idan tallar ta yi kyau, Darakta ya bar dako, a ba shi tebur da kujera mai juyawa, ya zama sashen talla gaba ɗayansa. Idan ba ta yi ba, ya koma ƙarƙashin katifa, kuma kada a sake jin kalmar fim a bakinsa a cikin shagon.

Manhajar ta buɗe, ta ba shi kunya tun a gaisuwa. Ya duba ko'ina bai ga maɓallin da aka rubuta faɗowa daga sama ba. Fili ne toka-toka babu kowa, sai wasu ƙananan akwatuna a gefe. A irin wannan manhaja ba a zana komai da hannu. Akwatuna ake jerawa a haɗa su da zare, na sama ya miƙa wa na ƙasa: wannan ya kawo abu, wancan ya yi masa wani aiki, na ƙarshe ya sake shi ya faɗi. Duk abin da aka jefa a akwatin farko sai ya bi ta cikin sauran, ko da ransa yana so ko ba ya so.

A intanet akwai wani malami mai haƙuri da ya jera darussa don sabbin shiga. Darasin farko yadda ake yin akwati a shafa masa kala ne. Darakta ya ɗauki wannan a matsayin cin fuska. Ya gangara can ƙasa har ya samu wanda ya dace da matsayinsa: wani tulu ana sako shi daga sama, ya daki ƙasa ya tarwatse, ƙura ta tashi.

"Ga shi nan," ya ce. "Faɗowa dai faɗowa ce."

Yaya ta leƙo ta kafaɗarsa. "Tulun fa fashewa ya yi."

"To a ina ya sauka? A ƙasa. Kawu a katifa zai sauka. Yaya, ki riƙa tunani irin na kimiyya."

Ya ninka gudun darasin, ya kashe sautin, don a ganinsa surutun malami na masu jinkirin fahimta ne. Ya kwafe akwatunan ɗaya bayan ɗaya har da lambobinsu. Da ya bar sautin, da ya ji malamin yana bayani a natse cewa a cikin kwamfuta babu abin da ke fashewa don kansa. Sai an riga an yanyanka shi gunduwa-gunduwa, an liƙe shi da wani gam marar ƙarfi, yana tsaye kamar lafiyayye yana jiran abin da zai taɓa shi. Akwatunan tsakiya aikinsu ke nan. Darakta ya ɗauka na kwalliya ne.

Saura shigar da Kawu cikin kwamfuta. Wannan kuwa sai an ɗauki hotonsa ta kowace kusurwa, manhajar ta harhaɗa ta gina shi. Aka tsayar da Kawu a tsakiyar shago cikin sabuwar riga, hannuwa a buɗe, fuska da murmushi, aka ce kada ya motsa. Darakta na zagaya shi da waya, wani lokaci a tsugune, wani lokaci a kan benci.

Tela, maƙwabcinsu na dama, ya shigo da tef a wuya ya tsaya. "Maƙwabci, awo ake yi? Ni me na yi aka tsallake ni?"

Kawu bai amsa ba, don an hana shi.

"Kada ka sa shi dariya," in ji Darakta. "Muna shigar da shi kwamfuta ne."

"Duka? Da tumbin? To Allah ya ba kwamfuta haƙuri."

Mai bulo, wanda ke buga bulon siminti a bayan layin, ya shigo karɓar aron benci ya ga abin da ake yi, ya fasa tafiya da bencin, ya zauna a kai. Ƙuda ya sauka a hancin Kawu ya yi abin da ya kawo shi ya tashi. Wata mata da ta zo sayen katifar yara ta rataya jakarta a hannun Kawu na hagu, ta shiga duba kaya, sai da hannun ya ce mata sannu da zuwa ta yi ihu.

Kawun farko da manhajar ta gina ya fito da kunne uku, fankar shago ta tsiro masa a kafaɗa. Darakta ya ce laifin Kawu ne da ya yi numfashi. Aka sake tsayuwa. Na biyun ya yi kama da shi sosai, in ban da ƙeyarsa da ta baje kamar an zauna a kai. Aka ɗora mata hula.

Darakta ya ja zare ya haɗa Kawu da akwatin farko, ya danna. Kwamfutar ta yi wani nishi. Fankar cikinta ta ɗauki kuka kamar injin niƙa, allon ya daskare, wani ɗumi ya fara tasowa daga ƙarƙashin tebur. Tana can tana yanka Kawu gida dubu ne, amma ba ta da bakin faɗa.

"Ka kashe min kwamfuta," in ji Yaya. "Da me zan buga rasit?"

"Nauyin Kawu ne."

"Me ka ce?" Kawu ya juyo.

"Nauyin daraja, Kawu. Irin wannan kwamfutar ba ta saba ɗaukar manyan mutane ba."

Kawu ya ga akwai gaskiya a maganar. Ya sa aka ɗauko fankar ofishinsa aka juya ta tana fifita kwamfutar, shi ya zauna cikin zufa. Yaya ta koma rubuta rasit da biro tana tsaki.

Dabara ta zo wa Darakta. Tunda Kawu ya yi nauyi, sai a yi gwaji da ƙwallo. Ya cire zaren Kawu, ya yi ƙwallo mai sauƙi, ya tsallake akwatunan tsakiya tunda dai kwalliya ce, ya haɗa ta kai tsaye da akwatin faɗowa. Ya shimfiɗa katifa a ƙasa ya danna. Ƙwallon ta gangaro da kyau, ta isa katifar, ta ratsa ta kamar ba a san juna ba, ta ci gaba da tafiya ƙasa har ta zama ɗigo.

"A'a," in ji Tela, wanda yanzu kullum da ɗinkinsa yake shigowa kallo. "Katifar a ɓule take? Maƙwabci, irin wadda ka sayar min ce?"

"Ba ka san aikin nan ba, Tela. Gwaji ne."

"To ina ƙwallon ta tafi?"

"Tana zuwa."

"Daga ƙasan? Gaishe ta in ta iso."

Darakta ya yi ta lalube har ya gano inda ake gaya wa manhaja cewa katifa abu ce da ake karo da ita, ya kuma ga wata lamba mai kula da tauri. Ya danna. Wannan karon katifar ta tare ƙwallon, ta haɗiye ta, ta kumbura kamar balan-balan, ta tashi sama ta bar filin.

"Yanzu kuma katifar ce ta tafi," in ji Mai bulo, don a tabbatar an gani.

Darakta ya ƙara sifiri a bayan lambar. Katifar ta dawo ta kwanta tana karkarwa kamar mai zazzaɓi, tun ƙwallon ba ta iso ba. Ya ƙara wani sifirin, ya ƙara mata nauyi don ta natsu. Ta naɗe kanta ta koma kusurwa. Ya ƙara. A duk ilimin da ke cikin manhajar, sifiri ne kaɗai ya fahimta, kuma bai yi masa rowa ba. Ya yi ta jera su har suka cika gurbin suka ɓuya.

Sai ga ƙwallo ta sauko ta tsaya cak a kan katifa. Katifar ko gezau.

Darakta ya miƙe ya buɗe hannuwa. "Kun gani? Kawu, ba ta lotsa ba!"

"Dama na gaya muku," in ji Kawu, ransa fes.

A lissafin manhajar, katifar Kawu a wannan lokacin ta ɗan fi ƙarfen titin jirgin ƙasa tauri.

Darakta ya goge ƙwallon, ya mayar da zaren Kawu inda yake tun farko, can saman jerin. Ya zuba gajimare, ya danna maɓallin da ke fitar da cikakken fim, hoto bayan hoto. Kwamfutar ta rubuta lokacin da za ta gama, ta sake tunani ta ninka shi, daga baya ta daina alkawari. Kwanaki suka yi ta wucewa tana kuka. Aka yi wa sabon ɗaki fenti, aka ɗaura allo can saman bango, aka aika gayyata.

Da Kawu ya matsa sai ya ga wani abu, Darakta ya nuna masa ɗan abin da ya fito: ga Kawu a cikin gajimare, hannuwa a buɗe, rana na haska masa murmushi. Kawu ya kalla har sau uku, ya fita bakin ƙofa ya dubi matar tsallake da tausayi.

Fim bai gama fita ba sai safiyar buɗewa, ana jera kujeru. Darakta ya manna masa kiɗa, ya liƙa rubutun ƙarshe, ya kwafe.

"Ka kalla har ƙarshe tukuna," in ji Yaya.

"Yaya, ni na haife shi. Me zan gani da ban sani ba?"

Ɗaki ya cika. 'Yan kasuwar layin sun zo, tsofaffin masu saye sun zo, Inna matar Kawu na zaune a gaba kusa da mijinta. Har mai shagon tsallake ya zo, ya zauna a layi na biyu da irin murmushin wanda ya zo taya murna ba da son ransa ba. Darakta ya fito cikin kwat ɗin aro da baƙin tabarau, ya karɓi abin magana ba a ba shi ba.

"Jama'a, abin da za ku gani yanzu, a manyan kamfanoni mutum ɗari ke taruwa su yi shi. Ni kaɗai na yi, da kwamfutar rasit. Masu raunin zuciya su riƙe kujera."

Wannan ce kaɗai shawara mai amfani da ya bayar a duk aikin. Ya saita fim ɗin ya riƙa maimaita kansa, ya danna.

Gajimare ya buɗe. Kawu ya bayyana. Ɗaki ya ɗauki tafi, Inna ta rufe baki don daɗi, mai shagon tsallake ya gyara zama. Kawun allo ya fara gangarowa cikin natsuwa, kiɗa na tashi. Can ƙasa katifa ta bayyana, fara tas, tana jira. Kawun gaske ya ɗan miƙe a kujera don a san shi ne.

Kawu ya taɓa katifa, ya tarwatse.

Ba fashewar gaggawa ba ce, don malamin tulu ya sa a rage gudu daidai wurin, kuma Darakta ya kwafe wannan ma. A hankali jama'a suka kalli ƙafafu suna rabuwa da gwiwa, tumbi ya tsage gida-gida, hannu ya yi gabas, kunne ya wuce ta gaban allo yana juyi. Ƙura ta turnuƙe, kyakkyawa ƙwarai, don malamin ya iya aikinsa. Da ta lafa, sai wani ɓallen fuska mai ɗauke da rabin murmushi ya gangaro ya tsaya a gaba. Hula ta sauko daga baya ta zauna a kan katifar. Rubutu ya fito da manyan haruffa: KATIFAR DA BA TA LOTSAWA.

Inna ce ta fara motsi: ta kai hannu ta lalubi kafaɗar mijinta, ta matsa, ta ga tana nan.

Wani tsoho mai raunin gani a baya ya ce, "Allah ya jiƙansa. Mutumin kirki ne."

"Ina nan!" in ji Kawu.

"Maƙwabci," in ji Tela, "gaskiya ka faɗa tun farko. Ba ta lotsa ba."

Mai shagon tsallake ya ɗaga hannu cikin ladabi. "Ana iya samun kwafi? Zan nuna a allona kyauta."

Darakta ya ɗaga murya. "Jama'a, ku fahimta, wannan salo ne. Yana nuna gajiya ce ke wargajewa, ba Kawu ba..."

Gajimare ya sake buɗewa. Kawu ya sake bayyana, a haɗe, yana murmushi kamar bai san abin da ke jiransa ba.

"Kashe shi!" in ji Kawu.

Darakta ya danna rimot. Ashe sabo ne, batirin gwajin da ke ciki ya yi iyakarsa a danna ta farko. Kawu ya sake tarwatsewa. Wannan karon an samu masu ƙidaya: da ya kusa katifa wasu suka ce, "Ga shi nan, ga shi nan!" Wayoyi suka fito daga aljihu.

"Cire wayar wutar!" in ji Yaya.

Soket ɗin na can bayan allo, kusa da rufi. Darakta ya cire kwat, ya haye tulin katifun da aka jera don ado, yana hawa suna rawa. Yatsansa na gab da taɓa wayar tulin ya zame. Ya yi sama, ya juya, ya faɗo da baya a kan wata katifa ta gaske. Ta karɓe shi, ta lotsa daidai misali, ta ɗago shi a hankali ba ko ƙwarzane. Ita ce tallar da Kawu ya nema tun farko, kuma ba wanda ya gan ta, don a daidai lokacin kowa na kallon kunnen Kawu yana wucewa.

Yaya ce ta je ta kashe wutar ginin gaba ɗaya.

Jama'a suka watse suna share hawaye, kowa na yi wa Kawu fatan alheri ba tare da ya dubi idonsa ba. Kawu bai yi faɗa ba. Ya shiga ciki ya fito da gammo, ya kaɗe masa ƙura da kansa, ya miƙa wa Darakta.

"Kawu, matsalar ƙarama ce. Akwati ɗaya ne ko biyu, in ka ba ni..."

"Wace kalma muka ce kada a sake ji a shagon nan?"

Darakta ya karɓi gammo.

Yana mayar da tulin katifu sai ga Mai bulo ya dawo, ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"Darakta, aikin nan naka ya shige ni. Shekara da shekaru ina gaya wa mutane bulona yana da ƙarfi, ba wanda ya nuna shi kamar haka. Ina so. Kada ka taɓa komai, har mai faɗowar a bar shi, shi ke jan ido. Katifar kawai za ka mayar min toka-toka."

Darakta ya sauke katifar da ke kansa, ya gyara tabarau, ya ce wannan ai aikin minti ne, kuma dama shi tun farko hankalinsa ya fi karkata ga harkar gine-gine.

Har yanzu yana neman inda ake canza kala. Bayanin kuwa yana cikin darasin farko, wanda ya tsallake.